Yadda ake auna ingancin shafin laburare da idon mai karatu

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta same ni da la'asar, wayarta a hannu, caji ya kusa ƙarewa. Malamin da ke duba mata kundi ne ya ce ta nemo wani kundin digiri na biyu da aka taɓa rubutawa a kan Sakkwatanci, ya kuma tabbatar mata yana nan a laburaren makarantar, har an ɗora shi a intanet. Ta ce, "Malam, wallahi tun safe nake fama, shafin nan ya ƙi ba ni komai." Na ce ta zauna ta sake nema a gabana, ni kuma zan ja bakina in yi kallo.

Abin da ya fara buɗewa hoton ƙofar ginin ne. Sai hoton shugaban laburaren da jawabinsa na maraba, sai wasu hotuna da ke ta juyawa na ranar da manyan baƙi suka kawo ziyara. Sai da ta ja allon har sau huɗu kafin ta iso inda ake bincike, a nan ma ƙofofi uku ta tarar: ɗaya an rubuta OPAC, ɗaya e-Resources, ɗaya IR. Ta latsa ta farko don ita ce a sama. Ta rubuta sunan kundin, aka ce babu. Ta rage kalma ɗaya, aka ce babu. Ta koma ta biyu, aka nemi sunan shiga da kalmar sirri, waɗanda ba wanda ya taɓa ba ta. Ta ukun kuwa ko kallonta ba ta yi ba, wai ta ɗauka sunan wani ofishi ne. Alhali kundin yana can ciki, cikakke, kyauta, latsawa biyu kacal tsakaninta da shi.

A wurin waɗanda suka gina wannan shafi, ba shi da aibu ko ɗaya. Idan kwamitin tantance kwasa-kwasai ya zo da takardarsa, sai dai ya yi ta zuba maki. Akwai katalog? Akwai. Akwai rumbun kundaye? Akwai. Akwai mujallun intanet? Ga su nan birjik. Amma yarinyar nan ta kwashe wuni guda, ta ƙona datarta, ta kusa tashi hannu rabbana. Ma'aunai biyu ke nan suka ba da amsa biyu a kan abu ɗaya, kuma a ganina na yarinyar ne ya faɗi gaskiya, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wa ke riƙe da ma'aunin?

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekarar 2005 ƙungiyar OCLC, wadda ke haɗa kan dubban laburarori a duniya, ta tambayi mutane a ƙasashe masu magana da Ingilishi inda suke farawa idan suna neman bayani a intanet. Kashi 84 cikin 100 suka ce injin bincike irin su Google. Waɗanda suka ce shafin laburare kashi 1 ne tak. Wato mai karatu yakan iso shafin laburare ne bayan hannunsa ya riga ya saba da akwati ɗaya da ake rubuta komai a ciki a samu amsa. Da wannan sabon yake auna ka, ko ka so ko ka ƙi.

Masu nazarin sauƙin amfani da manhajoji suna da ma'anar da suke jingina da ita, wadda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 1998 da lamba ISO 9241-11. Ta rataya abin a kan tambayoyi uku: shin mutum ya cimma abin da ya zo nema, da wace irin wahala da lokaci ya cimma shi, kuma ya tashi da gamsuwa ko da takaici. Amma akwai wata gaɓa a ma'anar da ake yawan tsallakewa, ita ce cewa ana auna wannan ne a kan wani mutum takamaimai, mai wata buƙata takamaimai, a cikin wani yanayi takamaimai. Shafin da ya yi wa farfesa daidai a ofishinsa, kan babbar kwamfuta da intanet ɗin makaranta, ba lalle ya yi wa ɗalibin da ke kwance a hostel da ƙarfe goman dare ba, da ƙaramar waya, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Tun ma kafin a san intanet, a 1931, masanin laburare ɗan Indiya S. R. Ranganathan ya gindaya ƙa'idoji biyar na wannan aiki, ta huɗunsu ita ce a tattala wa mai karatu lokacinsa. A wurinmu sai a ƙara da datarsa da cajinsa.

To ta yaya za a gano? Hanya mafi arha, kuma mafi tona asiri, ita ce abin da na yi da ɗalibar nan ba da shiri ba: ka ba mutum aiki na gaske, ka zauna kusa da shi, ka yi shiru. Jakob Nielsen, ɗan asalin Denmark da ya yi suna a wannan fage, ya bayyana a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su fito maka da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke shafi, domin daga na biyar ɗin nan sai ka ga tuntuɓe iri ɗaya ake ta maimaitawa. Ya dai yi togaciya cewa idan masu amfani da shafin rukuni-rukuni ne da suka sha bamban, sai an ɗebo daga kowane rukuni. A laburaren jami'a kuwa haka abin yake: ɗan ajin farko daban, mai digiri na uku daban, malami daban, mai larurar gani daban.

Aikin da za a ba su shi ne gishirin gwajin. Ba a cewa "duba shafin nan ka gaya mana ra'ayinka", domin amsar da za ka samu ita ce ya yi kyau. Cewa ake yi, ga sunan littafi, gano mana ko akwai shi, kuma a wane bene yake. Ƙarfe nawa ake rufewa ranar Asabar? Sauke mana maƙala ɗaya a kan zazzaɓin cizon sauro da aka buga cikin shekara biyar ɗin nan. Littafin da ka ara ya kusa cika wa'adi, sabunta shi. Ana roƙon mutum ya riƙa faɗin abin da ke ransa a fili yayin da yake yi, mai lura kuma yana rubuta abu uku: ya gama ko bai gama ba, minti nawa ya ɗauka, a ina ya ɓata hanya.

Akwai wani abu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba amma a nan yana iya rusa gwajin baki ɗaya, wato kunya da girmama na gaba. Ɗalibi ba zai dubi idon shugaban laburare ya ce masa shafinku bai yi ba. Da ya kakare sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne ban iya ba." Don haka tun farko a faɗa masa a fili cewa shafin ake jarrabawa, shi alƙali ne. Ya fi kyau ma a sa ɗan'uwansa ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ya zauna da shi, manya su karanta rahoto daga baya. Kuma mai lura ya danne zuciyarsa, kada ya miƙa yatsa ya nuna maballin. Wannan ya fi komai wuya, na gwada na gani.

Harshen ma'aikata da harshen mai nema

Tuntuɓen farko kusan kullum a kan kalmomi ake yin sa. OPAC taƙaitaccen suna ne na katalog ɗin da ke intanet, wato jerin abin da laburare ya mallaka da inda aka ajiye shi. IR shi ne rumbun da makaranta ke tara kundaye da maƙalun da 'ya'yanta suka rubuta. Ma'aikacin laburare ya sha waɗannan kalmomi tun yana makaranta, har ya manta cewa akwai ranar da bai san su ba. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, John Kupersmith, ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a laburarorin jami'o'i, ya nuna cewa ɗaliban da Ingilishi ne harshensu na gado ma suna rikicewa da irin waɗannan taƙaitattun sunaye da sunayen kamfanoni, sun kuma fi gane gajeriyar magana mai nuna aiki, kamar a ce nemi littafi ko nemi maƙala. Idan ɗan Amurka ya rikice, ina ga wanda Ingilishin ma harshensa na biyu ne ko na uku?

Tushen abin shi ne yawancin shafukan an zana su ne da siffar ofisoshin laburaren: sashen mujallu, sashen ajiya, sashen sayo littattafai, sashen na'urori. Mai karatu kuwa bai zo ziyarar ofis ba. Buƙata ce ta koro shi, kuma bai damu da wane sashe ne ke riƙe da ita ba.

Inda ƙugiya ke ɓatar da littafi

Ga wata matsala da ta shafe mu kai tsaye, wadda ba za ka same ta a takardar awon da aka kwafo daga waje ba. A tsarin Unicode da kwamfutoci ke amfani da shi wajen gane haruffa, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu. Ba kamar é ta Faransanci ba, wadda na'ura ke iya warwarewa ta gan ta a matsayin e da alama a kai. Saboda haka idan ba a saita injin binciken da gangan ba, yana iya ɗaukar "ƙasa" da "kasa" a matsayin kalmomi biyu da ba abin da ya haɗa su. A ma'ana kam gaskiyarsa ne, kalmomi biyu ne. Amma a aikace, wanda ya shigar da littafin cikin katalog mai yiwuwa allon rubutunsa ba shi da ƙugiya, mai neman kuma wayarsa tana da ita, ko akasin haka. Littafi yana kan kanta, na'ura ta rantse babu shi.

Abin bai tsaya nan ba. Kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, an buga Hausa da ɗigo a ƙarƙashin harafi, an kuma buga da waƙafi a gefensa. Zamanin tafireta ya zo ya bar mana k' da d' da b' a dubban katunan katalog, waɗanda daga baya aka kwashe aka zuba cikin kwamfuta yadda suke. A Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, a Nijar suna rubuta ƴaƴa. Sai kuma sunayen wurare: Sakkwato da Sokoto, Zariya da Zaria da Zazzau, Damagaram da Zinder.

Sunayen mutane sun fi rikitarwa. Mai neman rubuce-rubucen Shehu zai iya rubuta Usmanu ɗan Fodiyo, wani ya rubuta Usman dan Fodio, masu bin Larabci su rubuta Uthman ibn Fudi, na ɓangaren Faransanci su fara da Ousmane. Nana Asma'u ma, alamar da ke tsakiyar sunanta kaɗai ta isa ta raba sakamako gida biyu ko uku. Masu aikin katalog suna da maganin wannan tun da daɗewa, wato kundin daidaita sunaye, inda ake zaɓar siffa ɗaya a ɗaure sauran duka a jikinta, ta yadda kowace ka rubuta za ta kai ka gida ɗaya. Aiki ne na haƙuri da ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ba a cika yin sa ba.

Gwajin nan kowa zai iya yi cikin minti biyar. Ka rubuta sunan Shehu ta hanya uku, ka ƙirga sakamakon kowace. Ka rubuta "waƙoƙi", ka rubuta "wakoki", ka kwatanta. Idan adadin ya bambanta sosai, to ka san akwai ɗaliban da ke komawa wurin malamansu suna cewa ba a yi rubutu a kan batunsu ba, alhali an yi. Game da rubutun ajami kuwa, hotonsa kawai ake ɗauka a ɗora, na'ura ba ta karanta abin da ke ciki, don haka duk dogaron mai nema yana kan bayanin da aka rubuta game da takardar: wa ya rubuta, a kan me, da wane harshe. Idan bayanin nan ya zama "takardar Larabci, lamba kaza", an adana takardar amma an rufe ta.

Kada a yi saurin ɗora wa manhaja laifi. Koha, wadda aka fara amfani da ita a New Zealand a 2000, da DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, su ne jami'o'inmu da yawa ke amfani da su wajen katalog da rumbun kundaye. Dukansu kyauta ne, kuma ana iya saita su yadda ake so. Abin da ya fi faruwa shi ne a ɗauko ɗan kwangila ya girka, a yi bikin ƙaddamarwa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da kalmar sirrin a aljihu.

Waya, data da haƙuri

Nielsen ɗin dai ya yaɗa wasu iyakoki uku na jira. Abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum zai ji kamar nan take ne. Daƙiƙa ɗaya, zai lura amma tunaninsa bai katse ba. Da an kai daƙiƙa goma, hankalinsa ya tafi wani wuri. A wurinmu wani wurin nan sunansa WhatsApp.

Saboda haka duk awon da aka yi a ɗakin kwamfutocin laburare, kusa da na'urar da ke ɗauke da shafin, awon yaudarar kai ne. A fita waje, a ɗauki waya mai arha, a kashe intanet ɗin makaranta, a kunna data. Akwai kayan awo na kyauta kamar PageSpeed Insights na Google da zai nuna abin da ke nauyaya shafi, kuma sau da yawa za ka tarar hotunan nan ne masu juyawa da ba wanda ya zo kallo. Sai a duba ko rubutun yana daidaita kansa da faɗin allon waya, ko sai an yi ta buɗawa da yatsu biyu ana ja hagu da dama.

Fayil ɗin kundi ma abin dubawa ne. Kundin da aka yi wa sikan shafi-shafi yakan yi nauyi ƙwarai, kuma shafuka da yawa ba sa faɗin nauyin kafin a latsa. Mutum ya latsa, ya kai rabi, sabis ya yanke, ya koma farko. Rubuta "megabait 40" a gefen suna ba ya cin ko sisi, amma yana ba ɗalibi damar yanke shawara ko ya jira sai ya shiga makaranta gobe.

Ƙofar da ke buɗewa a cikin makaranta kawai

Dukiya mafi tsada a laburaren zamani ita ce mujallun ilimi na intanet. Akwai shirin Research4Life da ke bai wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubbansu kyauta ko a farashi mai rahusa: Hinari na kiwon lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na aikin gona a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018. Akwai kuma AJOL da ke tara mujallun Afirka tun 1998, da DOAJ da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, mai jera mujallun da kowa zai karanta ba tare da biya ba.

Ga mai karatu, jera tambarin waɗannan a shafi bai wadatar ba. Abin da yake son sani shi ne wanne ne zai buɗe masa yanzu, wanne ne sai yana cikin harabar makaranta, wanne ke buƙatar kalmar sirri, kuma wa zai ba shi ita. Kamfanonin mujallu da dama suna gane mai shiga ne ta adireshin intanet ɗin makaranta, shi ya sa abin da ya buɗe a ofis da rana yake ƙin buɗewa a gida da dare. Akwai manhajojin da aka yi domin warware wannan, irin su EZproxy da ta fito tun 1999, waɗanda ke sa ɗalibi ya shiga daga ko'ina da lambarsa ta makaranta. Inda babu su, aƙalla a faɗa wa mutum gaskiya a layi ɗaya. Mafi muni shi ne tambarin rumbun da kuɗin rajistarsa ya ƙare tun bara waccan amma yana nan yana ƙyalli, kowa ya latsa ya ci karo da bango ya ɗauka laifinsa ne.

Wannan ya kawo mu batun ruɓewa, domin shafi ma yana ruɓewa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Jerin adireshin da ma'aikaci ya tara shekara biyar da suka wuce, in ba ana bi ana dubawa ba, wani kaso nasa ya mutu. Mai awo sai ya ɗauki guda ashirin ya latsa ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga masu rai. Ya duba lokutan buɗewa: an sauya su da azumi, da hutu, da lokacin jarrabawa? Ya ɗauki littattafai goma da katalog ya ce suna nan, ya hau bene ya duba kanta. A tsarin rarraba littattafai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'inmu suka fi bi, harshen Hausa da adabinsa suna tsakanin PL8231 da PL8234. Lamba ce mai kyau, amma ga sabon ɗalibi ba ta nufin komai sai an ƙara masa da cewa bene na kaza, ɓangaren kaza.

Kuma babu wanda ya fi ƙarfin faɗuwa. A watan Oktoban 2023 wasu 'yan kutse da ake kira Rhysida suka afka wa Babban Laburaren Birtaniya, suka durƙusar da shafinsa, suka saci bayanai har da na masu karatu, kuma sai a Janairun 2024 aka fara dawo da babban katalog ɗinsa. Daga nan mai karatu ya sami ƙarin tambayoyi biyu da ya cancanci yi: idan shafin ya faɗi, ta ina za a sanar da ni, kuma ina ake kai sunana da lambar wayata da jerin abin da na ara? A Nijeriya dai akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, laburare kuma ba ya wajenta.

Wanda ke karatu da kunne

Makaho yana amfani da shafi ta manhajar da ke karanta masa abin da ke allo, kamar NVDA ta kyauta a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android. Manhajar rubutu take karantawa. Idan an ɗauki hoton sanarwa an manna, ko kundin hoto ne zalla ba rubutu a bayansa, to a kunnensa shafin fanko ne. Ƙa'idojin da duniya ke bi a nan su ne WCAG na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, waɗanda suka fara fitowa a 1999, aka sabunta a 2008 da 2018 da 2023. Daga cikinsu akwai cewa kowane hoto mai ma'ana a rubuta masa bayani, a iya zagaya shafin duka da allon rubutu kaɗai, kuma bambancin hasken rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, wanda ke taimakon dattijon malamin da idonsa ya fara rauni kamar yadda yake taimakon mai karatu a tsakar rana. Ƙungiyar WebAIM tana duba shafukan farko guda miliyan ɗaya duk shekara tun 2019, kuma kullum sama da kashi 90 cikin 100 ake samu da kuskure. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 ta sa mutane sun fara tunanin hanyar keken guragu a ƙofar gini. Ƙofar intanet ɗin ce har yanzu ba a cika tunawa da ita ba. Gwajinta kuwa mai sauƙi ne: ka kunna TalkBack, ka rufe idonka, ka nemi littafi ɗaya.

Takardun tambaya da alƙaluma

Akwai ma'aunai na tambaya da amsa da suka yi suna. SUS, wanda John Brooke ya tsara a 1986, tambayoyi goma ne da ke ba da maki daga 0 zuwa 100, kuma 68 ake ɗauka a matsayin matsakaici. LibQUAL+ kuwa ƙungiyar manyan laburarorin bincike ta Arewacin Amurka ce ta samar da shi tare da Jami'ar Texas A&M wajajen 2000, da tambayoyi 22 na asali. Dabararsa tana burge ni: a kowace tambaya mutum zai ba da maki uku daga 1 zuwa 9, mafi ƙarancin abin da zai lamunta, abin da yake buri, da abin da yake gani a ƙasa. Tazarar da ke tsakani ita ce labarin.

Sai dai ina ɗaukar sakamakonsu da taka-tsantsan. Mutanenmu akwai kawaici, ka tambayi wanda ya sha wuya ya ce maka alhamdu lillahi. Ban da haka, takardar tana isa hannun waɗanda har yanzu suke zuwa ne, wanda ya gwada sau biyu ya yi fushi ya koma Google ba ya nan balle a ji ta bakinsa. Alƙaluman ziyara ma suna da fuska biyu. A ce mutane suna daɗewa a shafi, shin daɗi suke ji ko hanyar fita suka rasa? Jadawalin Webometrics da wata cibiya a Sifaniya ta fara fitarwa a 2004, wanda jami'o'i ke murna idan sun hau, yana auna yadda ake ganin jami'a a intanet ne, ba ya sanin ko ɗaliba ta sami kundinta.

Alƙaluman da na fi yarda da su su ne waɗanda ba a cika buɗewa ba: jerin kalmomin da mutane suka nema aka ce musu babu. A nan za ka ga littafin da ake ta nema ba a saya ba, da sunan da ake rubutawa ta wata siffa daban, da masu rubuta "lokacin rufewa" a akwatin neman littafi saboda ba su ga inda aka sa shi ba. Sai gwaji na ƙarshe, wanda ba ya buƙatar ilimin kwamfuta ko kaɗan: a aika tambaya ta adireshin imel ko lambar da aka rubuta a shafin, a zauna a ƙirga kwanaki.

Ita dai ɗalibar nan, da na ga ta gaji sai na karya ƙa'idata na nuna mata ƙofa ta uku. Kundin ya sauka wayarta saura kashi huɗu na caji. Kafin ta tashi ta kwafi adireshin rumbun kai tsaye ta tura zauren ajinsu, ta rubuta a ƙasa cewa kowa ya bi ta nan, kada ya wahalar da kansa da shafin farko. Na tambaye ta, da ita ce mai shafin, me za ta rubuta a maimakon IR? Ta ɗan yi tunani tana naɗe wayar caji, ta ce, "Malam, ai da sun ce furojet ɗin ɗalibai, da tun safe na gama."